Makaranta ce ta hana wasannin gargajiyar Indonesiya mutuwa?

Malama, tambayarki biyu ce a haɗe. Kin ce kin ga bidiyon wasu matasa a Indonesiya sun tanƙwashe ƙafa a ƙasa suna buga kayan kiɗa na tagulla, aka ce miki ai jami'a ce, digiri suke yi a kai. Kina so ki san ko haka ne, sannan ko wannan karatun ne ya sa kiɗansu da rawarsu da wasan 'yan tsanarsu suka kawo yau da rai. Ta farko ba ta da wuya: haka ne, gwamnati ce ma ke da makarantun. Ta biyun ce mai jan magana, don makarantar ta ceci abu da yawa, ta kuma ɓata wasu, kuma akwai abin da ko kusa ba ta da iko a kansa.

Abin da kika gani sunansa gamelan. Ba kayan kiɗa ɗaya ba ne, gungu ne guda: wasu falle-fallen tagulla ne jere a kan akwatin katako, wasu kamar tukwane a kife a kan igiya, ga manyan faya-fayai rataye da ake kira gong, ga ganguna, ga sarewa, ga rebab mai tsirkiya biyu wadda in kin ji ta za ki tuna da goge, ga zabiyoyi mata da ake kira sindhen. A tsibirin Jawa da na Bali ya fi ƙarfi. Kuma gamelan shi ne ke rakiyar wayang kulit, wasan inuwa, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa mu auna tambayarki da shi, don babu fannin da ya kai shi nauyi a wuyan mutum ɗaya.

Ana shimfiɗa farin ƙyalle, a rataya fitila, a kwantar da kututturen ayaba a gindinsa. 'Yan tsanar da fatar ɓauna ake yanka su, a huda su da zane mai laushi kamar aikin dukanci, a yi musu mariƙi da ƙaho, ana soka su a jikin ayabar su tsaya. Mai wasan, wato dalang, zai zauna tun wajen ƙarfe 9 na dare, ba zai tashi ba sai an kusa kiran assalatu. Shi ne muryar sarki, shi ne muryar gimbiya, shi ne dodo, shi ne wawan fada. Hannuwansa na juya 'yan tsana, ƙafarsa ta dama na buga wasu ƙarafa da ke rataye a jikin akwati, da wannan bugun da kuma wasu kalmomi da yake sakawa cikin zance yake gaya wa makaɗa ashirin da ke bayansa wane kiɗa za su ɗauko, yaushe za su hanzarta, yaushe za su tsaya. Labaran asalinsu daga tsofaffin ƙissoshin Indiya ne, Mahabharata da Ramayana, amma Jawawa sun zuba nasu ciki, musamman Semar, wani ƙaton bara mai tumbi, da 'ya'yansa Gareng da Petruk da Bagong, waɗanda ke fitowa tsakar dare su yi ba'a, su taɓa farashin shinkafa da halin shugabanni, jama'a na shewa.

Ta yaya ake koyon wannan kafin a gina aji? Gado ne da barantaka. Jawawa na kiran barantakar nyantrik. Yaro zai tare a gidan gwani, ya yi shara, ya dafa shayi, ya ɗauki akwatin 'yan tsana zuwa gidan biki, ya zauna a bayan maigidansa yana miƙa masa wanda ya nema. Babu ranar da za a ce masa zo in koya maka. Shekara da shekaru yana kallo, har wata rana a ce ya buɗe wasa kafin maigida ya karɓa. Duk wanda ya san yadda ɗan maƙera ko yaron makaɗin fada ke tashi a wurinmu ya san wannan hanya.

Makarantun farko ba gwamnati ce ta kawo su ba, fada ce, tun Turawan Holan na mulki. A 1918 wasu 'ya'yan sarauta a Yogyakarta suka kafa Kridha Beksa Wirama, suka fara koya wa mutanen gari rawar da a da ba ta fita daga katangar fada. A 1923 fadar Surakarta, garin da aka fi sani da Solo, ta buɗe makarantar koyon dalang mai suna Padasuka, fadar Yogyakarta ta biyo da Habirandha a 1925. Dalilin kafa su yana da muhimmanci ga tambayarki. Manyan fada suna ganin dalang na ƙauye suna kwaɓa tsohon harshe, suna jirkita labari, suna cika wasa da barkwanci, ga kuma 'ya'yan boko sun fara raina abin. Wato tun ranar farko makaranta ba ta zo don adanawa kaɗai ba, ta zo ne don gyara, kuma mai gyara shi ke zaɓen abin da ya ce daidai ne. A wannan zamani ne kuma Ki Hajar Dewantara, wanda 'yan ƙasar ke ɗauka uban ilimin zamaninsu, ya kafa makarantun Taman Siswa a 1922, ya sa kiɗa da rawa da waƙoƙin yara cikin darasi. Shi damuwarsa ba fitar da gwanaye ba ce, so yake yaron da ya yi boko kada ya fito yana jin kunyar gidansu.

Bayan shelar 'yancin kai a 1945 sai ƙasa ta juya wa fadoji baya. Sarkin Yogyakarta ya tsira da matsayinsa, har yau shi ne gwamnan yankin, amma Solo ta rasa nata a 1946, kuɗin riƙe ɗaruruwan makaɗa da masu rawa ya ƙafe. Nan gwamnati ta shigo. A 1950 aka buɗe makarantar kiɗan gamelan a Solo, a matakin sakandare, aka ɗauko tsofaffin makaɗan fada aka mai da su malamai masu albashi. A 1964 aka ƙara da babbar makaranta, ASKI, wadda ta yi ta girma har ta zama ISI Surakarta, wato Cibiyar Fasaha ta Indonesiya da ke Solo, a 2006. ISI Yogyakarta ta samu a 1984 daga haɗe wasu makarantu uku. Bali ta samu ta sakandare a 1960, babba a Denpasar a 1967. Akwai ta Padangpanjang a yammacin Sumatra, akwai ta Bandung, a 2014 aka ƙara ta Aceh da ta Papua. Ɗalibi na iya shiga sashen karawitan, wato kiɗa, ko sashen rawa, ko sashen pedalangan ya fito da digiri a kan wasan inuwa, ya wuce har digiri na uku.

Alherin farko da wannan ya yi a fili yake. Dattawan da suka haddace ɗaruruwan kiɗe-kiɗen fada, irin su Martopangrawit wanda ya rasu a 1986, ba su tafi kabari da su ba, an zauna da su an rubuta. Ƙofa ta buɗe ga wanda ubansa manomi ne ko direba. Mata sun samu shiga inda a da sai dai su yi waƙa ko rawa. A Bali tun shekarun 1980 ƙungiyoyin gamelan na mata zalla suka fara fitowa gasa. Sannan makaɗi ya samu takarda da muƙami, uban yarinya ya daina tambayar sa wai ban da kiɗa mece ce sana'arsa. Kada a raina wannan na ƙarshen. Sana'ar da iyaye ke ɓoye wa surukai ba ta daɗewa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Aji na buƙatar allo, allo na buƙatar rubutu. Rubutun da ake amfani da shi, kepatihan, an ƙirƙiro shi a Solo wajen 1900, lambobi ne kawai. Gamelan na da tsarin sauti biyu: slendro mai murya biyar, ana rubuta shi 1 2 3 5 6, da pelog mai bakwai, 1 zuwa 7. Abin da ake rubutawa a allo Jawawa na kiransa balungan, daga kalmarsu ta ƙashi, wato ƙwarangwal. Su da kansu suka raɗa masa sunan. Naman da ke rufe ƙashin shi ne garap: yadda mai rebab zai ja muryar ya kewaya, yadda mai gender, wani kayan kiɗa mai siraran falle-falle, zai saƙa ado da hannu biyu, yadda zabiya za ta ɗan makara da gangan ta sauka bayan kowa. Wannan ba ya zama a takarda.

Na ɗanɗana wannan da kaina a 'yan watannin da na yi a Solo ina zuwa gidan wani dattijo koyo da yamma. Ya zaunar da ni gaban saron, mafi sauƙin kayan, falle bakwai da 'yar gudumar katako. Da dama kake bugawa, da hagu kuma kana damƙe fallen da ka bari da babban yatsa da manuni don sautinsa ya mutu, hannun hagu kullum yana bin na dama a baya da taki ɗaya. Na kwafe lambobina tsaf a littafi, na aje a gabana, ina bi ina jin daɗin kaina. Da muka zo ƙarshen kiɗan sai mai ganga ya fara ja da baya a hankali, kowa ya bi shi, ni ina nan kan ƙidayata. Na buga lambar ƙarshe ni kaɗai, ƙwal, a cikin shiru. Sai bayan wani ɗan numfashi babban gong ya saki muryarsa, sannan sauran suka sauke nasu tare. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya miƙo hannu ya kife littafina, ya nuna kunnensa, ya nuna mai ganga. Lambata daidai ce, amma wannan ɗan jinkirin da ake yi wa gong babu lambar da ke nuna shi. Jawawa na cewa sai mutum ya samu rasa, kalmar da ke nufin ɗanɗano da kuma ji a zuci, kuma tsofaffin makaɗa kan yi wa wasu 'yan makaranta shaidar cewa hannunsu tsaf, rasa ce dai ba ta nuna ba tukuna.

Illa ta biyu ta fi wannan girma. Jarrabawa na son amsa ɗaya. Da salon fadar Solo ya zama shi ne na allo, malaman da aka yaye suka bazu ƙauyuka da shi, salon Banyumas da na gabashin Jawa da na Cirebon suka fara zama kamar kuskure a kunnen yaran wurin. Ba zan ɗora wa makaranta laifin duka ba. Rediyon gwamnati da kamfanin faifai na Lokananta da aka kafa a Solo a 1956, da kuma kaset-kaset na Ki Nartosabdo, wanda ya rasu a 1985, sun yi wannan aikin fiye da kowane malami. Har yau ana jin muryarsa a bakin dalang da ba su taɓa ganinsa ba. Daga baya makarantun sun farga, sun sa salon yankuna a manhaja. Amma ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da harsuna sama da 700, kuma mafi tsufa da ƙarfin makarantun nan a Jawa da Bali suke. Wasan wata ƙaramar ƙabila a Kalimantan ko Maluku ba shi da sashe, ba shi da farfesa.

Akwai kuma wani abu da nake so ki lura da shi. Manyan dalang da suka cika filaye a shekaru hamsin ɗin nan, yawancinsu 'ya'yan dalang ne. Ki Anom Suroto ɗan gado ne. Ki Manteb Sudarsono, wanda ya rasu a 2021, wanda saurin hannunsa a fagen yaƙi ya sa ake masa laƙabi da shaiɗanin dalang, ɗan gado ne. Sashen pedalangan kuwa yawanci shi ne mafi ƙarancin ɗalibai a makarantun, kuma da yawa daga masu shigarsa da ma daga irin waɗannan gidajen suka fito. Inda aka dace shi ne inda hanyoyin biyu suka haɗu. A shekarun 1970 shugaban ASKI, Gendhon Humardani, ya matsa wa ɗalibai su matse wasan dare guda ya koma awa ɗaya ko biyu, a yar da maimaici, a bar tsokar labari. Ana kiran wannan pakeliran padat. Mutanen gari ba su karɓe shi ba, don wanda ya yanka saniya ya tara dangi ba ya son a tashi ƙarfe 11. Amma Ki Purbo Asmoro, ɗan gado kuma malami a ISI Surakarta, ya ɗauki dabarun wannan gajeren wasa ya mayar da su cikin na dare guda, kuma yanzu matasan dalang da yawa haka suke yi. Dabarar ta ɗauki shekaru kafin ta fita daga harabar makaranta, kuma sai da ta bi ta hannun wanda ya san gidan biki.

Bali ta nuna abin ƙarara. A can kusan kowace unguwa, wadda suke kira banjar, tana da gamelan nata a rumfar taro, mallakar jama'a. Yawancin wuraren bautarsu na Hindu suna bikin zagayowa duk kwana 210, kuma biki ba ya yiwuwa sai da kiɗa da rawa. Mai kiɗan ba ya jiran biya, ngayah yake yi, wato aikin sa kai na ibada. Yaro ɗan shekara huɗu zai zauna a cinyar ubansa a wurin atisaye, uban ya riƙe masa hannu da gudumar suna bugawa tare. Malamar rawa za ta tsaya bayan yarinya ta kama gwiwar hannunta da haɓarta tana lanƙwasa ta har jiki ya haddace. Kafin irin wannan yaro ya shiga makarantar Denpasar ya riga ya iya. Makaranta ƙari take masa, sannan ta mayar da shi unguwa ya horar da ƙungiyarsu don bikin fasaha na Bali, wanda gwamna Ida Bagus Mantra ya fara a 1979, ana yin sa wata guda duk shekara, gundumomi na karawa da juna, 'yan kallo na ihu kamar a filin ƙwallo.

Ko a can ɗin ma ba komai ne ya tsira ba, kuma abin da ya cinye wani ba baƙo ba ne. Wajen 1915 wani sabon salo mai walƙiya da sauri, gong kebyar, ya ɓullo a arewacin Bali, ya kama kamar wutar daji, har ƙauyuka suka riƙa narkar da tsofaffin gamelan ɗinsu ana ƙera musu na kebyar. Yau shi ne ake nuna wa duniya a matsayin gargajiyar Bali, alhali bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. Gambuh kuwa, tsohon wasan fada mai dogayen sarewa wanda ake ɗauka uwar raye-rayen tsibirin, sai da aka yi aikin ceto na musamman a ƙauyen Batuan a shekarun 1990. Kecak ma, wanda maza ke zama da'ira suna cak-cak-cak da baki, a shekarun 1930 Wayan Limbak da wani mai zane Bajamushe, Walter Spies, suka tsara shi yadda yake yanzu, da baƙi a zuciya. Masu yawon buɗe ido na ba da aikin yi kullum, suna kuma sa a gajarta komai ya dawo awa ɗaya. Shi ya sa a 1971 masana da shugabannin addini na Bali suka zauna suka raba raye-raye gida uku: na cikin wurin bauta da ba a sayarwa, na rakiyar biki, da na nishaɗi da kowa zai iya biya ya kalla.

Na san za ki tambayi ina addini, tunda babu ƙasar da ta kai Indonesiya yawan Musulmi. Yawancin dalang da makaɗan Jawa Musulmi ne. Abin da Jawawa ke faɗa a tarihin baka shi ne Sunan Kalijaga, ɗaya daga waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a tsibirin, ya yi amfani da wayang wajen kiran mutane. Har yau a watan Maulidi, a bikin Sekaten, ana fito da wasu tsofaffin gamelan na fada a buga su kwanaki a harabar babban masallacin Solo da na Yogyakarta. Wannan bai hana saɓani ba. Akwai malamai masu ƙyamar abin, kuma a 2022 an yi babbar ce-ce-ku-ce a kan maganar wani mai wa'azi game da wayang. Siyasa ma ta yi nata ɓarin. Bayan kashe-kashen 1965, ƙungiyoyin wasan ƙauye da yawa da aka zarga da alaƙa da 'yan gurguzu sun watse, wasu 'yan wasan an kashe su, wasu sun yi shiru shekaru. Mimi Rasinah, gwanar rawar fuskar katako ta Indramayu, ta yi kusan shekara ashirin ba ta rawa, sai a 1994 wasu masu bincike biyu suka nemo ta suka lallashe ta ta sake ɗaura fuskar. Kafin ta rasu a 2010 ta miƙa wa jikarta. Ga aikin masana, ga gado, kowanne da rabonsa.

Misalin da ya fi ba ni mamaki daga Aceh yake, a arewacin tsibirin Sumatra. Saman rawa ce ta ƙabilar Gayo: maza ne zalla, adadinsu mara, suna durƙushe a sahu kafaɗa da kafaɗa, ba ganga ba komai, tafi ne da bugun ƙirji da cinya, da waƙa cikin harshen Gayo mai ɗauke da yabon Allah da nasiha da habaici. A 2011 UNESCO ta sa ta cikin abubuwan da ke buƙatar ceton gaggawa. A lokacin kuwa makarantun sakandaren Jakarta cike suke da 'yan mata masu koyon abin da suke kira Saman bayan an tashi darasi. Sai dai ba ita ba ce. Wata sabuwar rawa ce, Ratoh Jaroe, ta mata, da mai ganga a gefe, cikin harshen Aceh. Ita ce 'yan mata wajen 1,600 suka yi a buɗe gasar wasannin Asiya ta 2018, duniya ta yi ta tafi, da yawa suna cewa sun ga Saman. Makaranta ta yaɗa sunan ko'ina, mutanen Gayo kuma suna ta faman bayani cewa tasu daban.

A firamare da sakandare ta kowa da kowa abin bai kai yadda ake zato daga nesa ba. Akwai darasin Seni Budaya, akwai gurbin da aka bar wa kowane yanki ya koyar da harshensa da al'adarsa, amma awoyin kaɗan ne, kuma gamelan na tagulla ya fi ƙarfin aljihun yawancin makarantu. Masu hali kan sayi na baƙin ƙarfe. Wanda ya ci ribar aji shi ne angklung, 'yan bututun gora da ake girgizawa, kowane ɗaya murya ɗaya, a raba wa yara arba'in kowa ya jira layinsa. A 1938 wani malami, Daeng Soetigna, ya sauya masa sauti zuwa do-re-mi na Turawa don ya shiga makaranta, almajirinsa Udjo Ngalagena ya buɗe gidan koyarwa a Bandung a 1966 inda yaran unguwa ke koyo suna yi wa baƙi wasa. Ya rayu, ya zagaya duniya, amma da muryar aro. Na asalin yana wurin irin mutanen Baduy, da ke kaɗa shi lokacin shukar shinkafa. Tsakanin gida da makaranta kuwa akwai sanggar, ƙananan wuraren koyo da wani gwani ko wata gwana ke buɗewa a zauren gidansu, yara na zuwa da yamma ko ranar Lahadi da ɗan abin da iyaye suka iya. A nawa ganin nan ne mafi yawan yara ke fara taɓa abin da hannu, kuma su ne ba a cika ambata ba idan ana jawabi.

Gwamnati ta yi doka a 2017 kan bunƙasa al'adu, ta kafa asusun tallafi mai suna Dana Indonesiana, tana da shirin tura 'yan wasa makarantu su koyar, a 2024 ma ta ware wa al'adu ma'aikata mai zaman kanta. UNESCO ta karrama wayang a ranar 7 ga Nuwamba 2003, ranar da yanzu ta zama ranar wayang ta ƙasa. Angklung ya shiga a 2010, raye-rayen Bali a 2015, gamelan a 2021, Reog na Ponorogo, rawa mai ƙatuwar fuska da gashin dawisu, a Disamba 2024, a zama ɗaya da aka sa hawan Daba na Kano. Wani ɓangare na wannan himma kishi ne da Malesiya, don an yi rigima a 2007 kan Reog, a 2009 kan rawar Pendet, ana zargin maƙwabciya da ɗaukar kayan wani. Takardar UNESCO dai ba ta biyan makaɗi.

Mai biyansa shi ne mai biki: mai aurar da 'ya, mai kaciyar ɗa, ƙauyen da ya gama girbi, ofishin da ke murnar zagayowar shekara. Shi kuwa mai biki lissafi yake. Wayang na buƙatar mota cike da kaya, mutum ashirin ko talatin da za a ciyar a sallama, da dare guda. Mai fiyano ɗaya da mata biyu masu waƙar dangdut, waƙar zamaninsu ta bukukuwa, za su cika masa layi da kaso kaɗan na kuɗin. Ba sai na yi miki dogon bayani ba, kin ga yadda fiyano ya yi da masu kalangu a bukukuwanmu. Ga kuma harshe. Wayang na tafiya ne da matakan harshen Jawa, na yau da kullum da na girmamawa da ake kira krama, da tsohon harshen waƙa, yaran birni kuwa sun tashi da harshen Indonesiya, krama na yi musu nauyi. Dalang sun bi kasuwa, sun tsawaita lokacin barkwanci, sun gayyato 'yan ban dariya da mawaƙa, dattawa na ta ƙorafi. Ki Seno Nugroho na Yogyakarta, ɗan gado wanda ya yi sakandaren fasaha, ya sauƙaƙa harshen, ya riƙa watsa wasansa kai tsaye a YouTube, dubban matasa da 'yan ci-rani a ƙasashen waje na kallo har asuba. Da annobar korona ta hana taro a 2020 sai ya koma yi daga gidansa da makaɗa kaɗan cikin 'yan awoyi, mai biki na biya daga nesa a ambaci sunansa. A Nuwamban shekarar ya rasu.

Sannan akwai waɗanda ba su hawa dandamali. A ƙauyen Wirun, kusa da Solo, maƙera ke haɗa jan ƙarfe kashi 10 da kuza kashi 3, su narka, su fito da faifan jajur daga wuta a cikin rumfa mai duhu, mutum huɗu ko biyar na saukar da guduma bi da bi, ɗaya na juya shi, a mayar wuta, a sake fitowa da shi, har ya zama gong. Idan ya tsage a ƙarshe, aikin kwanaki ya koma tukunya. Kuma ba a daidaita gamelan da wani ma'auni na duniya. Kowane gungu da muryarsa, mai gyaran sauti da kunne yake kankare tagullar, shi ya sa ba a aron falle daga wani gungu a sa a wani. A Pucung da Kepuhsari kuma masu huda fatar ɓauna ne, ɗan tsana ɗaya mai kyau na cin makonni. Waɗannan sana'o'in har yau a rumfa ake koyonsu, a gefen uba ko maigida, kuma yaron da ya ga aikin masana'anta a birni ba lallai ya zauna gaban wuta ba.

Idan kin koma kan bidiyon nan, ki duba gaban ɗaliban ko akwai takarda a kan kayan kiɗan. 'Yan shekarar farko ne ke kafa ido a kanta. Sannan ki jira ƙarshen kiɗan, inda ganga ke ja da baya, ki ga ko akwai wanda ya riga gong sauka.